Wasiƙar da Ta Kwana Bakwai a Jinka

Akwai wani manomi a wani ƙauye na bayan dutse, wanda shi kaɗai ne ya iya karatu a duk unguwarsu. Su biyar ne a wurin mahaifinsu. Huɗu suka tashi suna kiwo, shi kuwa aka sa shi makaranta, ba don ya fi su hankali ba, sai don shekarunsa ne suka dace a lokacin da aka buɗe ta. Amma bai taɓa gode wa Allah saboda haka ba. Kullum cewa yake, "Me karatun ya tsinana mini? Ga ni da fartanya kamar kowa."

Wata safiya da damina, maƙwabcinsa Baba Kefas, wani tsoho, ya yi sallama riƙe da wasiƙa. Wani direba ne ya kawo masa ita daga garin da 'yarsa tilo, Damaris, take aure.

Ya ce, "Ɗana, duba mini abin da yarinyar nan ta ce."

Manomin kuwa ya riga ya saɓa fartanya. Ya ce, "Baba, ciyawa na neman cinye mini gero. Bar ta nan, in na dawo zan zo har gida in karanta maka."

Sai ya soke wasiƙar a jinkar ɗakinsa, ya tafi. Ya dawo a gajiye, ya manta. Ran kwana uku tsohon ya leƙo ta kan danga, ya ce, "Ba ka samu duba takardar ba ko?"

"Gobe, Baba. Ai ba za ta wuce gaisuwa ba."

Tsohon ya ji nauyin sake tambaya, ya koma gida.

A rana ta bakwai ruwa ya hana fita gona. Manomin na zaune sai idonsa ya kai kan takardar. Ya zaro, ya buɗe. Layi uku ne kacal: "Baba, ina kwance, jikin ya yi tsanani. Ina so in gan ka. Kada ka jinkirta."

Ya fita da gudu cikin ruwan, ya goya tsohon a keke har bakin titi, suka shiga mota tare. Da suka isa, suka tarar da tabarmi a ƙofar gida, mutane zazzaune. Kwana biyu ke nan da binne Damaris. Mijinta ya kama hannun Baba Kefas, ya ce, "Baba, har ranar ƙarshe tana tambaya ko ka iso."

Nan manomin ya durƙusa a gaban jama'a yana kuka, ya ce, "Laifina ne. Wasiƙar a ɗakina ta kwana bakwai."

Tsohon ya ce, "Tashi, ɗana, na yafe maka. Da ni ma na iya karatun, da ban dame ka ba."

Tun daga ranar, ko tuwo yake ci aka kawo masa takarda, sai ya wanke hannu ya karanta. Amma Baba Kefas bai ƙara kawo masa wasiƙa ba, gama ba shi da sauran mai rubuto masa.

Ma'anar wannan misali ita ce: karatun manomin nan shi ne kowane alheri da muka saba da shi har muka daina ganinsa. Lafiyar ƙafa, rijiya a tsakar gida, waya a aljihu, abincin safe. Ba da wayonmu muka samu ba, Ubangiji ne ya ba mu, kuma ba domin mu kaɗai ya bayar ba. Wanda bai gode ba yakan raina abin da ke hannunsa, in ya raina kuwa ba zai ga mai bukatarsa ba. Abin da zai ci maka minti biyu, wani rayuwarsa ce ta rataya a kai. Allah yana gafarta jinkiri, 'yan'uwa, amma ranar da ta wuce ba ta dawowa. In akwai wanda ka ce wa "gobe", ka je wurinsa yau, kafin ka ci abincin rana.