Wutsiyar da Tabawa Ba Ta Gama Ɗinkawa Ba

Dalilin da ya sa wutsiyar ƙadangare take gutsurewa da zarar an kama ta, ku matso ku ji, musamman ku masu yini kuna jifansu a gindin katanga.

A da can ƙadangaru ba su da wutsiya. Bayansu a dunƙule yake kamar na kwaɗo. A lokacin akwai wata ƙadangaruwa mai suna Tabawa, tana zaune a tsagar katanga da ɗanta guda ɗaya tilo, Shekarau. Allah ya ɗora mata son ɗinki, ba don sayarwa ba, don jin daɗinta kawai. Ƙyallayen da iska ta kwaso daga rumfar maɗinki take tsincewa, ƙayar aduwa ce allurarta. Ta ɗinka matashi, ta ɗinka hula, har tulun gidan sai da ta yi masa riga. Abin alfaharinta ɗaya ne: ɗinkinta ba ya kwancewa. Inda wata za ta bi sau ɗaya, ita sai ta koma ta sake bi.

Wata rana Shekarau ya ga kurege yana kaɗa jela, ya dawo gida ya sa rigima.

"Inna, ni ma wutsiya nake so."

"Wutsiyar me? Ubanka ya yi wutsiya ne?"

Ya ƙi ci, ya ƙi sha. Da ta ga ba zai bari ba, ga shi dama hannunta na ƙaiƙayin ɗinki, sai ta yanka ƙyalle mai tsawo, ta cusa audugar rimi, wutsiya ta fito santaleliya. Ta ɗan kakkama masa ita da siririn zare don ta ga ko tsawon ya yi.

"Tsaya nan, kar ka motsa. Gwaji ne wannan. Bari in ɗauko zare mai ƙwari in bi ta sosai."

Ina! Kun san halin yaro da sabon abu. Kafin ta juyo, Shekarau ya fice nuna wa abokai.

Ran Tabawa ya ɓaci. Ba komai ya dame ta ba sai kar maƙwabta su ga ɗinki sakaka su ce nata ne. Ta bi shi da zare a hannu tana faɗa. Tana shan kwana ta hango shi a tsakar fili yana ta juyi, ga kuma wani ƙaton muzuru ya lafe a bayan turmi.

"Shekarau! Gudu!"

Ya zabura, amma muzuru ya riga shi. Ya daka tsalle ya danne wutsiyar nan da farce. Tabawa ta runtse ido. Sai ta ji ɗas! Zaren gwaji ya tsinke.

Da ta buɗe ido, muzuru na ta kokawa da wutsiya, ita kuwa wutsiyar, da yake ta fara sabawa da jikin mai ita, sai mutsu-mutsu take yi. Can a tsagar katanga ga ɗan kan Shekarau ya leƙo, yana haki, lafiyarsa lau.

Ta rungume shi tana kuka tana dariya, tana ta hamdala. Sannan ta dubi zare mai ƙwarin da ke hannunta. Da ta samu yadda take so, da yanzu ba ta da ɗa.

Washegari ta ɗinka masa wata. Ƙyallen farko ya ƙare, don haka ta fito gajera, launinta ma daban.

"Inna, wannan karon ki ɗinke ta da ƙarfi, kar ta sake faɗuwa."

"Ko kusa," in ji Tabawa. "Ta faɗi sau dubu, ni in ɗinka sau dubu."

Labari ya bazu, iyaye mata suka yi ta kawo 'ya'yansu. Tabawa, wadda a da ba ta iya ganin ɗinki sakaka ta yi shiru, ita ce ta zauna tana koya musu sassauta zare.

Shi ya sa har yau, in ka cafke ƙadangare ta wutsiya, sai ya bar maka ita tana motsi ya yi gaba. In kuma ka gan shi bayan kwana biyu da wata guntuwa mai launi daban, to ya je gida ne, an sake ɗinka masa.