Buhu Fuɗu da Wayar Inna Hinde

Akwai wata baiwar Allah a Fakku mai suna Hinde. Ita ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar irin gero na ƙungiyar manoman garin. Ba ta iya rubutu ba, don haka duk wanda zai fita da buhu sai ta kanga masa waya a baki, ya faɗi sunansa da yawan abin da ya ɗauka, wayar ta naɗi muryarsa.

Sakataren ƙungiyar, Malam Shafi'u, shi ke da littafi da biro, kuma abin yana ba shi dariya.

"Inna Hinde, wanga surutu ba lissafi ba ne. Ki bar ma masu boko aikinsu."

"To, ɗana," ta ce. Amma ba ta bari ba.

Gab da shuka aka ƙirga buhuna, aka ga babu huɗu. Littafi ya ce suna ciki. Shafi'u ya miƙe a gaban taro.

"Makulli guda ne, kuma kowa ya san hannun da shi ke."

Hinde ba ta tuna wanda ya ɗauka ba, ta laluba wayarta, sai ga ta ta mutu, don ruwan farko ya jiƙa ta. Aka aika da ita Tambuwal wajen mai gyara.

Mako uku ana jira. Matan da ke sayen ƙuliƙulinta suka ɗauke ƙafa. A gidan suna, da Hinde ta zauna a tabarma, matar da ke kusa da ita ta jawo jakarta ta rungume. Hinde ta dawo gida ko tuwo ba ta taɓa ba.

Ranar da waya ta dawo, shugaba Alhaji Bube ya sa aka kunna a gaban kowa. Can sai ga murya, har da 'yar dariya:

"Ni ne Shafi'u, buhu fuɗu, aro za ni kai ma surukina Dogon Daji. Kin ji daɗi, Inna?"

Ashe Shafi'u ya manta bai rubuta ba. Ya durƙusa yana neman gafara.

"Na yafe, Allah shi yafe muna," in ji Hinde. Ta aje makulli a gaban Alhaji Bube. "Amma ku ba wanda kunka yarda da shi ko wayarshi ta mutu."

An roƙe ta, ba ta karɓa ba.

Darasi: Kada ka raina yadda wani ke tsare amana don bai yi kama da naka ba, kuma kada ka ɗora zargi kafin ka binciki kanka. Buhu yana dawowa, zuciyar da aka ƙona ba lallai ba. Ku tura wa 'yan ƙungiyarku, Allah Ya tsare mu da zato.