Wayar da Ta Nutse a Wuyan Kare

Akwai wani mai gadin sito da ake kira Dogo, mutum ne da ba a gaya masa ya ji. Wata rana ya tsinci kwikwiyo a bayan sito. Ya yanko siririyar wayar lantarki ya murɗa masa a wuya, ya zura igiya ya ɗaure shi a bakin ƙofa.

A tsallaken titi akwai wani tsohon baduku mai gyaran takalma. Ya tako har wurin Dogo, ya ce ya bari ya ɗinka wa kwikwiyon abin wuya na fata mai faɗi, wanda yatsu biyu za su shige ƙarƙashinsa. Ya ce siririn abu yanka yake yi, wuyan kwikwiyo kuwa kullum ƙaruwa yake.

Dogo ya yi dariya. "Baba, kare ne fa, ba ango ba. In ciniki kake nema, ga takalmina."

Tsoho ya koma rumfarsa.

Da kwikwiyo ya saba da wurin, Dogo ya kwance igiyar, ya bar wayar. Kare ya girma, gashi ya rufe ta, kowa ya manta da ita.

Sai haushinsa ya fara dusashewa, har ya ɗauke ɗif. Zai wage baki, haƙarƙarinsa na girgiza, amma ba ka jin komai. Leburori suka daina hutawa a bakin ƙofa. Suka ce da rana tsaka karen yakan zauna ya ƙura wa Dogo ido, kuma ba fuskarsa yake kallo ba, wuyansa.

Ba a daɗe ba Dogo ya fara ɓalle maɓallin rigarsa na sama. Daga nan ruwa ma sai da ƙyar yake wuce masa maƙogwaro. Matarsa ta ga wani jan layi siriri ya zagaye masa wuya, ta tambaya, ya ce ƙurajen zufa ne. A asibiti aka haska, aka duba, ba a ga komai ba.

Wata la'asar babbar mota na baya-baya za ta daki katanga. Dogo ya buɗe baki zai tsayar da direba, murya ta ƙi fita. Ya waiwaya, ga kare a gefensa, shi ma baki buɗe. Su biyun suna ihu, wurin shiru kamar maƙabarta.

Ya tsallaka wurin baduku yana nuna maƙogwaronsa. Tsoho ko kallon wuyan bai yi ba.

"Ɗana, ina karen?"

Aka riƙe kare, tsoho ya buɗa gashin a hankali. Wari ya bugi kowa. Waya ta nutse cikin nama, fata ta fara rufe ta. Ya lallaɓa da bakin filaya ya datse. A daidai lokacin Dogo ya durƙushe yana tari, yana jan iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Likitan dabbobi ya wanke ciwon. Da ya warke, baduku ya ɗinka abin wuya mai faɗin yatsu uku, ya yi masa shafi mai laushi daga ciki. Duk mako Dogo kan zura yatsu biyu ya gwada.

Muryar Dogo ta dawo bayan kwana uku. Ta kare ba ta dawo ba. Har yau in baƙo ya doso sito, kare zai miƙe ya wage baki shiru, Dogo ne zai taso ya ce, "Wane ne nan?"

Darasi: Dabba ba ta da bakin kai ƙara, amma tana da Mai ji mata. In za ka sa wa kare abin wuya, zaɓi mai faɗi da laushi, ka riƙa dubawa yana girma. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ku tura wa duk wanda kuka san yana kiwon kare.