Sa Ɗaya da Garma

A wani ƙauye na manoma an yi waɗansu maƙwabta biyu, kowannensu yana da sa ɗaya. Sa ɗaya kuwa ba ya huɗa. Sai suka haɗa shanun a karkiya guda, wato itacen nan da ake ɗora musu a wuya, suka ɗaura garma, suna huɗar gonakinsu tare. Fari yana dama, Baƙi yana hagu. Tun suna ƙanana aka hore su haka, har ya zama in an sauya musu gefe ba sa ɗaga ƙafa. Ƙa'idar mutanen nan biyu kuwa ita ce, bana a fara da gonar wannan, baɗi a fara da ta wancan. Ba su taɓa rubuta ta ba.

Ana nan sai mai Fari ya rasu. Dogara, mai Baƙi, ya ci gaba da kiwon shanun biyu, yana kuma yi wa matar marigayin huɗa. Amma damina biyu a jere da tasa gonar ya fara.

A shekara ta uku ɗan marigayin, Irimiya, ya dawo gida bayan shekara tara a birni. Gadi ya yi a ƙofar ofishin waɗansu lauyoyi, kunnensa ya sha maganganunsu har yana jin shi ma rabin lauya ne. Da ya dawo zama ya gagare shi. Kome na ƙauyen a hankali ake yinsa, kome a baki yake, ba takarda ba hatimi, wannan kuwa yana ci masa rai.

Ranar da ƙasa ta sha ruwa sosai, Irimiya ya fita da sassafe ya tarar turken Fari ba kowa. Ya bi sawu har gonar Dogara, ya iske tsohon ya riga ya ja kunya bakwai.

Ya ce, "Baba Dogara, sannu da aiki. Na ce, bana gonar wa ya kamata a fara?"

Dogara bai ko tsayar da shanun ba. Ya ce, "Wanda ya ciyar da su da rani shi ke farawa. Harawar wa suka ci? Kai ai kana can kana buɗe wa masu mota ƙofa."

Masu aiki a gonar kusa suka yi dariya. Dariyar nan ce ta shiga Irimiya. Ya sha gaban shanun, ya kwance Fari a tsakiyar kunya, ya ja abinsa gida. Dogara kuma ya saɓi garma da karkiya, ya kai ɗakinsa ya sa kwaɗo. Kafin hantsi wannan yana da sa ba garma, wancan yana da sa da garma ba abokin ja.

To, akwai wani maƙeri a garin, Istifanus, dattijon ikkilisiya ne, shi ke wasa bakin garmar tun tana sabuwa. Ran Lahadi bayan sujada ya kira su biyun maƙerarsa. Yana da wata ƙa'ida in zai sasanta mutane: wanda ke riƙe da awartakinsa shi ke magana, ɗayan ya kame bakinsa sai an miƙa masa.

Dogara ya karɓi awartaki, ya ce garma dai marigayi ne ya saye ta, wannan ba gardama. Amma shi ya sake mata baki sau biyu, shi ya sassaƙa karkiya da hannunsa, shi ya yi rani biyu yana yanka wa san wani ciyawa, ba wanda ya ce masa sannu. Gonarsa kuma a kwari take, in ba a huɗe ta da wuri ba ruwa zai kwanta. Irimiya ya karɓa, ya ce shekara biyu masarar mahaifiyarsa tana zuwa a makare, an ga ba namiji a gidan an mai da ita ta baya, sa'an nan an yi masa gori a gaban mutane.

Maƙerin ya saurare su har suka ƙare. Bai ce wane ya yi daidai ba. Ya tambaye su kwana nawa gonakin biyu ke ci, suka ce tara. Ya ce to me zai hana a yi yau nan, gobe can? Dogara ya yi tsaki, can ya ce ya yarda, gobe ma a fara da ta yaron. Maƙerin ya ƙara da cewa in wannan bai yi wa Irimiya ba, akwai wata hanya: ya zaɓi dattijo ɗaya, Dogara ya zaɓi ɗaya, su biyun su zaɓi na uku, abin da ukun nan suka yanke kowa ya karɓa ya sa hannu. Kafin Laraba an gama.

Irimiya ya ce, "Baba, in an yi haka, wa zai faɗi wanda ke da laifi?"

Maƙerin ya ce, "Ba kowa, ɗana. Huɗa za a yi."

Irimiya ya ajiye awartakin a ƙasa ya fita. A gida mahaifiyarsa ta ce masa ubansa da Dogara sun yi cacar baki ya fi sau goma, amma ba wanda ya taɓa kwance sa daga karkiya. Ya ce mata shi ya sa aka raina su. Washegari ya hau mota ya kai ƙara.

Ranar kasuwa aka kawo wa Dogara sammaci, a gaban surukansa. Mutumin da ya haura sittin bai taɓa taka ƙofar kotu ba. Tun daga ranar zuciyarsa ta bushe. Shi da ya ce garma ba gardama, da ya tsaya gaban alƙali sai ya ce rabinta nasa ne, a zo a raba. Alƙali ya ce a kawo garmar da karkiyar a ajiye har a gama shari'a. Aka ɗaure su a bayan babur aka kai, aka shafa musu lamba da fenti, aka jefa su ɗakin ajiya tare da kekuna da ƙofofin da ake rigima a kansu.

Alƙalin ba mugu ba ne, shari'u ne tuli a gabansa. Ya ce su dawo bayan mako uku. Suka dawo, mai ba da shaida bai zo ba. Suka sake dawowa, an tafi hutu. Mota ɗaya ce ke fita daga ƙauyen da safe, saboda haka duk ranar zama tare suke shiga, su zauna kafaɗa da kafaɗa, wannan yana kallon gabas wancan yana kallon yamma. Ta taga Irimiya yake ganin gonakin mutane, kunya a miƙe, masara ta kai gwiwa, daga baya ta kai ƙugu. A gida kuwa Fari da Baƙi suna ɗaure, zana ɗaya ce tsakaninsu, suna yi wa juna kuka.

Irimiya ya zaga wurin masu shanu a taimaka masa. Kowa yana fama da tasa gonar. Wanda ya gama kuma ya ce, "Haba ɗan birni, in sana ya taka maka iyaka fa? Ni ban san hanyar kotu ba." Dole ya ɗauki garmar hannu. Tafin da ya yi shekara tara yana tura ƙofa ya yi bororo ya fashe. Da ƙyar ya huɗe kashi ɗaya cikin uku, shi ma a makare. Gonar Dogara kuwa ruwa ya kwanta mata kamar yadda ya faɗa.

Kaka ta zo, abin da suka samu bai rufe gindin rumbu ba. Irimiya daga shi sai mahaifiyarsa, suka lallaɓa. Dogara kuwa baki goma sha ɗaya yake ciyarwa. Bayan Kirsimeti ya ja Baƙi zuwa kara, kasuwar shanu, fatake suka saya suka loda a mota. Irimiya ya leƙa ta kan zana ya ga turke ba kowa, ya ce wa kansa ba ruwansa.

Ana cikin zafin bazara aka yanke hukunci: garma ta Irimiya ce, karkiya ta Dogara. Aka ba Irimiya takarda da hatimi, irin wadda ya daɗe yana so. Ya dawo da garmar duk ta yi tsatsa. Ya zauna a ƙofar gida har la'asar, ba wanda ya zo yi masa barka. Da ya kai ta wasawa, maƙerin ya juya ta, ya kankare lambar fentin, ya ce, "Abin da aka rubuta maka ɗin nan, ai Dogara ya faɗa da bakinsa a nan, yana riƙe da awartaki." Sai ya hura wuta.

Ruwa ya sake sauka. Irimiya ya aro sa daga wurin kawunsa a wani gari, ya sare reshe ya ɗaura musu a wuya. Fari ya sunsuni baƙon san, ya yi taku uku, ya karkace, ya kwanta a cikin laka. Duka bai tashe shi ba, lallashi bai tashe shi ba. Kwana biyu ana haka, kawun ya aiko a mayar masa da sansa.

Da safe sai ga Dogara da karkiya a kafaɗa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya jingine ta a bangon zaure.

Ya ce, "Irimiya, ga ta nan. Kotu ta ce tawa ce, to na ba ka. Ba ni da wuyan da zan ɗora mata."

Irimiya ya durƙusa. Ya ce, "Baba, mu je wurin maƙeri. Duk abin da ya ce na yarda."

Dogara ya ce, "Mu je ya raba mana me? Baƙi ai an daɗe da cin namansa."

Ya gyara fartanyarsa ya nufi kwari, yana tafiya a duƙe. Irimiya ya ɗauki karkiyar ya shiga gida. Yanzu kome yana hannunsa: garma, da karkiya, da takarda. Ya ɗora karkiyar a wuyan Fari, Fari ya tsaya cik a dama yadda ya saba. Da ya sake ta, gefen hagu ya faɗi ƙasa.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Shanun nan biyu su ne zaman da Allah ya haɗa mu a ciki: kai da maƙwabcinka, kai da ɗan'uwan da kuka gaji gona ɗaya, ke da wadda kuke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya. Garma ita ce abin da ake rigima a kai. Damina kuma lokaci ne, ba ta san an ɗage shari'a ba.

Hanya biyu maƙerin ya buɗe wa Irimiya, har yau kuwa suna nan a buɗe. Ta fari sulhu ce: a zauna gaban wanda ba ya bayan kowa, kowa ya faɗi ciwonsa ba a katse shi ba, ku da kanku ku samo mafita. In wannan ta gagara, sai ta biyu: ku zaɓi mutanen da kuka amince da su, ku yi alkawari tun kafin su buɗe baki cewa abin da suka yanke ya zauna. In takarda kuke so, a rubuta, kowa ya sa hannu. Son takarda ba laifi ba ne.

Ban ce kotu ba ta da amfani ba. Inda aka zubar da jini, ko mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi ya kuma ƙi zama, a je, kada a ji kunya. Amma alƙali abin da aka kai masa kaɗai yake rabawa. Zai gaya maka garma ta wa ce. Ba zai tambaye ka da san wa za ka ja ta ba.

Dogara ma ba a wanke shi ba. Da ya riƙe harshensa a gona, da bai kai sansa kara ba. Ku dattawa, gorin da kuke yi wa yaranmu da suka dawo, ku san inda yake ƙarewa. Mu kuma da muka ga birni, mu bincika zuciyarmu. Sau da yawa hakkinmu yana nan a ajiye a gabanmu, an ma miƙo mana shi, muka ƙi karɓa don ba a haɗa mana da kunyatar da wani ba. Ubangiji da ya sulhunta mu da kansa bai jira sai an karanta laifinmu a kasuwa ba.

In akwai wanda kuka shigo ɗakin sujadar nan yau kuna kauce wa idon juna, kada ka ce sai an yanke hukunci. Ka neme shi tun sansa yana turke.