Ranar da Wakili Ya Tashi Yanke Wutar Fadama

Ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku, don in na gama babu mai tashi sai ya faɗi inda ya tsaya.

A wani gari na bakin fadama akwai ƙungiyar da ke sayar da wutar sola, da ita manoman rani ke tayar da injinan ban-ruwa. Da aiki ya yi yawa, sai wani kamfani na birni ya haɗa musu wakilin kwamfuta, irin mai ƙirƙirarriyar basirar nan, ya riƙa sarrafa manhajar kuɗin wuta. Shi fa Wakili bai san kowa ba, bai taɓa taka fadama ba. Kowane aiki na manhajar akwai ɗan bayanin da aka rubuta masa a kai, abin da ya karanta nan shi ne iyakar saninsa.

Barira, ma'aikaciyar ƙungiyar, ita ce ta rubuta bayanan. 'Yar garin ce, amma a birni ta tashi wurin gwaggonta. A kan aikin yanke wuta, layi ɗaya tak ta sa: "Yana yanke wutar wanda ya wuce kwana talatin bai biya ba." A ganinta ya wadatar.

Ran wata Laraba da hantsi ta buɗe kwamfuta, sai ta ga abin da ake shirin yi. Wakili ya jera lambobin mita sittin da huɗu, zai yanke su da ƙarfe biyu, ta bakwai kuwa ta gonar mahaifinta ce. Shinkafa ta ɗauki ciki, ga zafin bazara, kwana uku ba ruwa an yi asarar shekara. Mitar da aka yanke kuma ba ta dawowa sai injiniya ya zo, shi kuwa sai mako mai zuwa. Ta kira kamfanin a tsayar da Wakili, aka ce ta cike takarda, za a duba nan da jibi. Abu ɗaya ya rage: Wakili yakan sake karanta bayanin kafin ya taɓa komai.

Ta ruga wurin Malam Tanimu, tsohon akawun ƙungiyar, wanda tun zuwan Wakili ya koma kan benci yana cika yana batsewa. Ta durƙusa ta faɗa masa.

"Yarinya, manomin rani ba ya biya sai ya yanka shinkafarsa," in ji shi. "A gaban Sarkin Noma aka sha hannu a kan haka tun ranar da aka kafa solar nan."

"Baba, me ya hana a rubuta?"

"Wa ya tambaye ni?"

Sai ya karɓi takardar lambobin da ta zo da ita ya sa tabarau. Ba littafi, ba komai, da ka ya ware mita hamsin da ɗaya na injinan ban-ruwa, ya fitar da na masu niƙa da masu ƙanƙara waɗanda taurin kai ne kawai ya hana su biya. Duk garin babu wani mahaluki da zai iya wannan.

Barira ta zauna sake rubuta bayanin, kunya da tsoro sun cika ta. Wannan karon ba ta yi rowar magana ba. Ta rubuta abin da aikin yake yi, da cewa in an yanke ba a iya mayarwa. Ta rubuta lokacin da bai halatta a taɓa shi ba, ta jera lambobin, ta ce kafin kowane yanka a fara duba ko mitar ta manomi ce. Abin da tsoho ya yi shekaru yana riƙe da shi a ƙirji, ta mayar da shi magana mai sauƙi wadda Wakili ba zai ruɗe a kanta ba.

Na ukunsu Mamuda ne, mai kula da na'urori, shi ne ya kunna Wakili tun farko bai gwada shi ba don zumuɗi. Barira ta ce a tura, ƙarfe ɗaya ta wuce. Mamuda ya ƙeƙasa ƙasa, ya ce sai ya gwada a mitar ofis, kamar ta manomi ce. Ta kusa cin kwalarsa. Ai kuwa da ya gwada, Wakili ya bar yanke wuta, ya zagaya ya ɗauko wani aikin na dakatar da asusu, wanda shi ma kashe mita yake yi, fitilar ofis ta mutu a gabansu. Barira ta gyara bayanin wannan ma. Ana shirin turawa, sabis ya ɗauke. Mamuda ya rungumi kwamfutar ya haye babur, ya yi ta zabga gudu har kan tudun makaranta inda sabis ke kamawa, ya tura saura minti shida.

Ƙarfe biyu ta buga. Barira na tsaye a kan kunyar gonar mahaifinta, tana jin ƙarar inji, ruwa na kwarara cikin shinkafa. Nan ta zauna ta yi kuka mai isarta.

Da la'asar Sarkin Noma ya zo ofis ransa a ɓace. Ya ce daga yau ba a sake yanke wutar kowa sai wani mutum ya sa hannu, kuma mutum ɗaya yake so, wanda za a riƙe idan shuka ta ƙone.

To, ga su nan. Malam Tanimu ya san kowa, amma ya yi shiru har aka kai bakin rami. Barira ta iya rubutu, amma layinta ne ya jawo masifar. Mamuda ya gano ɓarakar da ba wanda ya hango, bayan shi ya saki abin tun farko ba gwaji. In shinkafarku ce a fadamar nan, a hannun wa za ku yarda a damƙa ta?