Kanwar Yero a Madarar Safiyatu

Jikokina, ku aje abin da kuke yi ku saurara.

Akwai wata Bafillata a rugar da ke bayan Tozai, sunanta Safiyatu. Kullum takan aika madara Sabon Birni, wurin masu yin yogot. Ƙanen mijinta Yero, ɗan kabu-kabu, shi ke kai jarkar a kan mashin.

Masu yogot ɗin nan suna da wata na'ura. Ɗigo guda za a sa mata, ta haska shi da wani haske da ido ba ya gani, sai ta zana layi a allo. Ruwa, sabulu, takin zamani, kowane da irin tudun da yake tayarwa a layin.

Rannan Khadijat mai kula da na'urar ta kira Safiyatu a waya. "Inna, madararki akwai kanwa ciki. In anka sake, an daina karɓa."

Safiyatu ta ji kamar an mare ta. Ita da ko ruwa ba ta taɓa ƙarawa ba! Maƙwabta sunka ce ta tafi ta zage yarinyar tas. Ta ce a'a.

Washegari ta hau bayan mashin ɗin Yero, ga jarka gabansu, ga 'yar kwalbar madara da ta cika da kanta ta ƙulle a zane.

Anka gwada ta kwalba, lafiya lau. Anka gwada ta jarka, ita ma lafiya lau.

Khadijat ta ce, "Ikon Allah! To mi ya canza yau?"

Safiyatu ta juya a hankali ta dubi Yero. Yana ta sosa ƙeya.

Cikin wasan mace da ƙanen miji ta ce, "Mijina, mi ke cikin aljihunka?"

Ya fiddo ƙullin kanwar da ake ba shanu. "Wallahi matata, taimako ne. Rana ke tsinka madara a hanya, sai in jefa kaɗan. Yau kin zauna mini a baya kamar soja, ina za ni samu dama?"

Wurin ya ɗauki dariya, har Khadijat na riƙe ciki. Sannan ta ce, "Malam Yero, kanwa ɓoye tsami take, ba ta hana lalacewa. Yara ke shan abin nan."

Yero ya nemi gafara.

Safiyatu ta ce, "Na yafe. Amma daga yau da an sallame Asuba ka taso, ka lulluɓe jarka da jiƙaƙƙen buhu. Barcinka ne ke tsinka madara, ba rana ba."

Har yau ana karɓar madararta.

Darasi: In an ce an ga aibi a kayanka, kada ka fara da zagi, bincika tukuna. Kai kuma mai taimako a ɓoye, abin da mutane za su ci ba a saka mai komi ba da saninsu ba. Ku tura wa 'yan uwa, Allah ya yi muku albarka.