Cigiyar Hayaƙin Alhaji Barau

An ce Malama Ladidi, mai binciken yadda za a kamo hayaƙi daga iska a mayar da shi man mota, ta je neman tallafi wurin Alhaji Barau mai tankoki, wanda hannunsa ba ya buɗuwa sai wajen alwala.

Alhaji ya ce, "Zan ɗauki nauyin aikinki, amma sai kin kamo mini hayaƙin da motocina suka fitar bara. Nawa kaɗai!"

Ranar Juma'a ta dire tukunyar gas a majalisarsa.

"Ga abin da na tsinta, ranka ya daɗe. Amma ka san ƙa'idar tsintuwa: mai kaya shi ke faɗin alama. Yaya kamannin naka?"

Alhaji ya sosa ƙeya. "Baƙi ne."

"Na 'yan acaɓa ma baƙi ne."

"Yana da yawa."

"Kamar yaya?"

Jama'a suka zuba masa ido. Alhaji ya gyara babbar riga. "Duk hayaƙin garin nan, wa ke da shi in ba ni ba?"

Ladidi ta dubi jama'a. "Kun shaida, mai kaya ya bayyana. Wannan somin-taɓi ne, saura yana ƙirjin mutane. Kawo tukuici in tattaro maka kayanka."

Alhaji ya yi yaƙe, ya laluba aljihu. Tun ranar, ko tari aka yi kusa da shi sai ya ce, "Wannan dai ba nawa ba ne."